Su Wa Ke Zama a Kwamitin da Ke Tsara Koyar da Sana'o'i?

Kusan kowace gwamnati tana da ma'aikata ko hukumar da aka ɗora wa alhakin horar da jama'a domin su samu aikin yi, amma sakamakon da ake gani ya sha bamban ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga yanki zuwa yanki a ƙasa guda. Idan ana neman dalilin wannan bambanci, yawanci kuɗin da aka ware ake fara dubawa. A ganina akwai abin da ya kamata a duba kafin kuɗi, wato mutanen da ke zama su yanke shawarar irin sana'ar da za a koyar, da kuma ko a cikinsu akwai wanda zai ɗauki ɗalibin aiki idan ya kammala.

Dalilin da ya sa wasu ƙasashe ke miƙa wannan aiki ga kwamitocin yankuna a bayyane yake. Mai neman aiki yana nemansa ne a iya nisan da zai je ya dawo gida a yini guda, saboda haka buƙatar yankin da ke da tashar jiragen ruwa, wanda ke neman direbobin manyan motoci da masu walda, ba za ta zo daidai da ta yankin da tsofaffi suka yi yawa ba, inda ma'aikatan jinya ne ke ƙaranci. Jami'in da ke zaune a babban birnin ƙasa ba zai san wannan ba sai alƙaluma sun iso teburinsa, kuma kafin su iso sau da yawa lamarin ya canza.

Amurka ta daɗe tana gwada tsarin kwamitocin yanki, shi ya sa tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa. Tun 1933 dokar Wagner-Peyser ta kafa ofisoshin gwamnati na haɗa masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata. A 1982 aka yi dokar horar da masu neman aiki ta JTPA, wadda ta bai wa majalisun 'yan kasuwa na yankuna babban matsayi wajen kula da shirye-shiryen horarwa, sai dokar WIA ta maye gurbinta a 1998, sannan a watan Yulin 2014 Shugaba Barack Obama ya sanya hannu kan dokar WIOA da ake aiki da ita yanzu. A ƙarƙashin wannan doka kuɗi na fitowa daga gwamnatin tarayya zuwa jihohi, gwamna ya naɗa kwamitin jiha, zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi kuma su naɗa kwamitocin yankunansu, waɗanda adadinsu ya haura 500, su ne kuma ke kula da cibiyoyin samar da aiki sama da 2,000. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda dokar ta tsara kujerun: dole mafi yawan mambobi su zama wakilan kamfanoni, dole shugaban kwamitin ya fito daga cikinsu, sannan aƙalla kashi 20 cikin ɗari su zama wakilan ma'aikata, kamar ƙungiyoyin ƙwadago da masu shirya koyon sana'a a wurin aiki.

Haka kuma dokar ta fayyace ma'aunin nasara. Ana duba ko wanda aka horar yana bakin aiki kimanin wata shida bayan fitarsa daga shirin, a sake dubawa bayan shekara guda, a kuma duba abin da yake samu. Wannan ya fi ƙirga yawan waɗanda aka yaye nesa ba kusa ba, domin bikin yaye ɗalibai da rabon takardar shaida ba sa nuna ko wani ya samu abin dogaro. Sai dai ma'aunin yana da nasa aibin, wanda aka daɗe ana sukar tsarin da shi tun zamanin JTPA: idan aka ce za a auna cibiya da yawan waɗanda suka samu aiki, sai ta riƙa zaɓar waɗanda dama can za su samu aikin ko ba ita, ta kauce wa wanda ya daɗe ba ya aiki, ko mai ƙarancin karatu, ko wanda ya fito daga gidan yari. Alƙaluma su yi kyau, alhali waɗanda aka kafa shirin dominsu suna nan inda suke.

Jamus ta bi wata hanya ta daban. A ƙarƙashin dokar koyar da sana'o'i ta 1969, matashi yana yin kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, sauran kuma a makarantar sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, a ɗaya daga cikin sana'o'i sama da 300 da hukuma ta amince da su. Cibiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu na yankuna ne ke yi wa kwantiragin rajista, su ne kuma ke shirya jarrabawa. A nan ba sai an roƙi kamfani ya zo taro ba, tunda kuɗinsa da lokacinsa suna cikin horon tun ranar farko.

Wasu ƙasashe kuwa ta hanyar haraji suka jawo kamfanoni. Brazil ta kafa SENAI, hukumar koyar da sana'o'in masana'antu, a 1942 da kuɗin da ake cira daga jimillar albashin masana'antu, ta kuma bar gudanar da ita a hannun masu masana'antun. Najeriya ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF a 1971, Afirka ta Kudu tana karɓar kashi 1 cikin ɗari na albashi domin hukumomin horar da ma'aikata na SETA guda 21, Birtaniya kuma ta fara karɓar rabin kashi ɗaya cikin ɗari na albashi daga manyan kamfanoni a 2017. Tara kuɗi ta wannan hanya ba shi da wuya, kashe shi yadda ya dace ne ke da wuya, kuma har ta kai gwamnatin Afirka ta Kudu ta karɓe ragamar wasu daga cikin hukumomin nata saboda matsalolin shugabanci.

Duk da na fifita a bai wa masu ɗaukar ma'aikata rinjaye, ina da ƙorafi biyu a kan tsarin. Na farko, manyan kamfanoni ne ke da ma'aikacin da za su iya turawa taro duk wata, kuma abin da suka fi so shi ne a koyar da aikin injinsu kaɗai, wanda ba lallai ya amfani ma'aikacin ba idan kamfanin ya rufe. Na biyun ya fi girma. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 2, wato fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna aiki ne a sana'o'in da ba su da rajista. Ubangidan da ke koyar da yara a garejinsa ko shagon ɗinkinsa ba ya biyan harajin horarwa, ba ya kuma cikin kowane kwamiti, alhali a ƙasashe da yawa shi ne ke koyar da mafi yawan masu sana'a. Kwamitin yanki a irin waɗannan ƙasashe yana buƙatar kujera ga ƙungiyoyin masu sana'ar hannu, da kuma hanyar jarraba wanda ya ƙware a hannun ubangida a ba shi shaidar da kamfani zai karɓa, ba tare da an mayar da shi aji ya faro daga tushe ba.