Daga Petersen zuwa Guédiawaye a Bas ɗin Lantarki na Dakar

Birnin Dakar, fadar gwamnatin Sanagal, yana kan wani tsibiri ne da bai gama rabuwa da ƙasa ba, teku ta kewaye shi ta gefe uku. Ofisoshi da manyan kasuwanni da tashar jiragen ruwa duk suna can ƙuryar kudu, talakawa kuwa suna kwana a unguwannin arewa maso gabas. Shi ya sa kowace safiya jama'a ke kwararowa ta ƙunƙuntar hanya, da yamma kuma su koma. Don wannan cunkoso aka gina layin BRT, wato hanya ta musamman ta bas masu sauri da ke aiki da lantarki, wanda suka raɗa wa suna Sunu BRT. Shugaba Macky Sall ya ƙaddamar da shi a watan Janairun 2024, aka fara ɗaukar fasinja ranar 15 ga Mayu na shekarar. Na bi shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kilomita 18.3, tashoshi 23.

Na shiga a Petersen, wadda a allo za ka ga an rubuta Papa Gueye Fall, ba nisa da kasuwar Sandaga. Tun kafin ka ga motar za ka biya kuɗi. Akwai taga ta masu sayar da tikiti: sefa 400 idan tafiyarka ba ta fita daga shiyya ɗaya ba, 500 idan za ka tsallaka. Mutumin Nijar ba ya bukatar canji, sefar aljihunsa ita ake kashewa a nan, dala ɗari, wato sefa 500, ta kai shi ƙarshen layi. Za a ba ka 'yar takarda mai lambar QR, ka nuna wa na'urar ƙofa ta buɗe maka. Kada ka duƙunƙune ta, don na'urar ba ta karanta wadda ta lanƙwashe ko ta jiƙe da gumi, kuma ka riƙe ta har ka fita. Mai bin hanyar kullum gara ya sayi katin da ake loda wa kuɗi, domin a lokacin tashin ma'aikata layin taga kan fi jiran motar tsawo.

Motar doguwa ce, mita 18, gida biyu da aka haɗa da wata gaɓa mai lanƙwasawa a tsakiya. Kamfanin CRRC na ƙasar Sin ne ya ƙera su, guda 121 aka fara kawowa, kowace tana ɗaukar mutum kusan 150, mafi yawansu a tsaye. Daɓen tasha da na mota tsayinsu ɗaya, babu matakala, saboda haka mai keken guragu da tsohuwa mai sanda suna shiga ba tare da an ɗaga su ba. Ƙofofi suna buɗewa gaba ɗaya, masu sauka su sauka, masu hawa su hau, ba a yi minti guda ba an tashi. Babu kwandasta mai rataye a ƙofa, babu cinikin kuɗin mota, babu jiran a cika.

Mutane da yawa suna ɗauka lantarki ne ke sa motar sauri. Ba shi ba ne. Saurin daga hanya yake. An keɓe layi biyu a tsakiyar titi, an killace su, tashoshin ma a tsakiya suke, ba a gefen titi inda tasi da masu talla ke tsayawa ba. Da muka wuce Babban Masallacin Dakar, wanda aka buɗe a 1964, muka miƙe zuwa dogon ginshiƙin tunawa da 'yancin kai a Place de la Nation, ta taga ina kallon tsofaffin ƙananan bas na haya, car rapide masu fentin shuɗi da rawaya da fararen Ndiaga Ndiaye, sun yi cirko-cirko, mu kuwa muna wucewa. Ko da man dizal wannan mota take sha, muddin ta samu wannan layi, haka za ta yi gudu. Tafiyar da a da kan ci awa ɗaya da rabi, yanzu an tsara ta a kan minti 45.

Abin da lantarki ya kawo daban ne. Babu rurin inji, sai wani siririn sauti in ta ɗauki gudu, har kana jin hirar na kusa da kai. Babu hayaƙi a tasha. Tana fizga da ƙarfi tun daga tsaye, don haka mai tsayuwa ya kama ƙarfe kafin ƙofa ta rufe. Idan direba ya taka birki kuma, injin kan mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir, abin da ya dace da layin da ake tsayawa kusan kowace mita 800. Batirin ya haura kilowat-awa 500, an kuma ƙiyasta zai yi kilomita 250 a caji ɗaya, wato zuwa da dawowa sau shida da 'yan kai. Na'urar sanyaya ciki na cin nata rabo, musamman in mota ta cika maƙil da rana tsaka. Da dare motocin kan koma garejinsu na Gadaye a jona su.

Daga Grand Dakar zuwa Liberté 6 tafiyar ba ta da wani labari. A Grand Médine, kusa da filin wasa na Léopold Sédar Senghor, nan ne babbar mahaɗa ta tsakiya, inda jama'a ke sauya mota. A nan ya kamata baƙo ya duba lambar da ke goshin bas. B1 tana tsayawa a kowace tasha, sauran kuwa suna tsallake wasu, domin an bar musu wurin wuce wadda ta tsaya. In ka hau mai tsallake alhali ƙaramar tasha za ka, sai dai ka sauka a gaba ka dawo.

Bayan nan, ta Parcelles Assainies, ake ganin raunin tsarin. Titi ya matse, gidaje da shaguna sun zo har bakinsa. An ba bas fifiko a fitilun mahaɗa, amma fitila ba ta hana ɗan babur ko mai amalanken doki kutsowa. Shirun motar ma ya zama haɗari: mai tsallaka titi da ya saba dogara da kunnensa ba ya jin zuwanta, ga shi mota mai wannan nauyi ba ta tsayawa nan take, sai direba ya yi ta danna oda. Shingen da ya kare layin kuma ya raba unguwa biyu, mai son zuwa shagon da ke tsallake sai ya yi zagaye, da yawa kuwa ba sa yi. Da damina, tsakanin Yuli da Satumba, ruwa kan kwanta a wuraren da ke kwari, a dakatar da zirga-zirga har ya janye.

Hukumar sufuri ta CETUD ce ke da aikin, da rancen Bankin Duniya da Bankin Zuba Jari na Turai aka gina hanya da tashoshi. Motocin da tafiyar da su suna hannun Dakar Mobilité, kamfanin da Meridiam, wani kamfanin zuba jari na Faransa, ke da kashi 70 a cikinsa, asusun gwamnati na FONSIS kuma 30. An yi hasashen layin zai riƙa ɗaukar fasinja 300,000 a rana.

Mun wuce asibitin Dalal Jamm, muka sauka a Préfecture de Guédiawaye. A bakin ƙofa ƙananan bas ƙirar Tata da tasi da babura suna jira, domin mafi yawan waɗanda muka sauka tare ba a kan layin suke zaune ba, sai sun sake biyan wani kuɗin kafin su kai gida. Mai niyyar komawa cikin gari ya tambayi lokacin motar ƙarshe tun da ya sauka, don ba a kwana ana aiki.