Kujerun da suka riga fenti zuwa

Kujerun falona sun shekara 11 a hannuna. Ruwan ƙasa ne mai duhu da ya ɗan karkata zuwa ja, katakonsu har yau ko girgiza ba ya yi, soso kawai na taɓa sa aka canza. Ban da niyyar rabuwa da su. Falon ne ya gundure ni, kullum na shigo sai in ga ya dushe, ya yi nauyi. Sai na ƙudura zan sabunta komai, in bar kujerun da teburin tsakiya da kabad ɗin littattafai yadda suke.

Da fenti na fara, a nan kuma na yi kuskure. Na ga hotunan faluka masu bango ruwan toka a waya, suka burge ni, na sayo, aka shafe bango huɗu cikin kwana biyu. Ana mayar da kujerun gabana ya faɗi. Ashe tokar mai sanyi ce, da shuɗi-shuɗi a cikinta, kujerun kuwa launinsu mai ɗumi ne. Da suka haɗu sai kujerun suka zama kamar sun yi dauɗa, bangon kuma ya koma kamar na ofis. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗi da wahala sun riga sun tafi.

Yayata ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ke dai kin zaɓi fenti kamar ɗakin wayam yake. Ai kujerun nan sun riga shi zuwa.” Na ce, “To Yaya, yanzu yaya zan yi?” Ta ce in ɗauki matashin kujera ɗaya in tafi da shi wurin masu fenti, duk launin da zan duba in kara shi a jiki tukuna.

Haka na yi. Na dawo da ƙananan gwangwanaye uku, duk dangin ruwan madara. Na shafa kowanne a bangon bayan doguwar kujera, faɗin kamar rabin mita, shafi biyu, na bar su kwana uku. Wannan jiran shi ne abu mafi amfani da na yi a duk aikin. Fenti yana sauya kama idan ya bushe, yana kuma sauyawa da hasken da ya faɗo masa. Wanda na fi so da safe, da la’asar sai ya yi rawaya fiye da kima. Da dare kuwa duka ukun suka yi fari fat, sai daga baya na gane laifin ƙwan fitila ne. Nawa masu 6500K ne (lambar da ke nuna launin hasken ƙwai), farin haske mai sanyi. Na canza su da masu 2700K, haske mai ɗumi mai ɗan rawaya, nan take jan da ke cikin kujerun ya fito, katakon teburin ya yi kyau kamar an goge shi da mai. Da na san haka, da ƙwan fitila zan fara, kafin in taɓa bango. Wajen lissafin fentin da aka sake shafe bangon da shi, lita ɗaya kan rufe murabba’in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, kuma sai da aka yi shafi uku kafin tokar ta ɓace.

Masu tsara ɗaki suna da wata ƙa’ida ta rabon launi: kashi 60 na babban launi, 30 na mai bi masa, 10 na ƙawa. Ban auna komai da ma’auni ba, ban kuma ga dalilin yin hakan ba, amma ta nuna mini matsayin kowa. Bango da labule su ne 60, kujerun sun riga sun cinye 30, saura 10 ne kawai nake da ikon wasa da shi. Na ba koren ganye mai duhu wannan gurbin: rigunan matasai huɗu da tukunyar shuka ɗaya.

Jerin kujerun ma na sake shi. Shekara da shekaru suna manne da bango, tsakiyar ɗaki fayau, mai magana sai ya ɗaga murya. Kafin in ja komai, na liƙa salatif a ƙasa na zana inda kowace za ta zauna, na yini ina zagayawa in ga ko zan yi tuntuɓe. Na bar santimita 45 tsakanin kujera da tebur, yadda hannu zai kai ba tare da gwiwa ta bugu ba, hanyar wucewa kuma santimita 90. Tsohon kafet ɗin ƙarami ne, yana tsakiya shi kaɗai ba ya taɓa komai. Sabon na tabbatar ƙafafun gaba na kowace kujera sun hau kansa, shi ya tattaro su wuri ɗaya.

Labule bai ba ni wahala ba. Na sa aka ɗaga sandarsa kusa da silin, yadin ya ninka faɗin tagar sau biyu, ya sauka har ƙasa, ɗakin ya ƙara tsayi a ido.

Kabad ɗin littattafan ne ya ƙi. Katakonsa fari-fari ne, ba ya tafiya da teburin, ba ya tafiya da kujerun. Na juya shi bango uku, na rage littattafan, na ɗora masa shuka, duk a banza. Na so in yi masa fenti, kafinta ya duba ya ce fuskarsa leda ce aka manna, fenti ba zai kama da kyau ba sai an kankare an sa fentin share fage, kuma ko an yi zai iya ɓarewa. Na yi mako biyu ina jinkiri saboda ina son kabad ɗin. Daga ƙarshe na mayar da shi ɗakin kwana. Gurbinsa a falo har yanzu babu komai, ina neman doguwar fitila mai tsayawa a ƙasa wadda za ta haska kafaɗar mai karatu a kujerar gefe.