Asabar, ni da ƙaramin diron ɗina

Yau dai na gama haɗa diron ɗin nan, ɗan jirgi mai farfela huɗu da ake tuƙawa da rimot, tun bayan sallar asuba nake kan tabarma da dalma da wayoyi, hayaƙin har ya sa min ciwon kai. Ƙanena ya zo ya tsuguna yana kallo, wai "Yaya, in ka tura sandar rimot gaba ai moto ne ke ji ya tafi ko?" Na ce masa a'a, moto ba ya ma san akwai rimot a duniya.

Saƙon yatsana yana fita ta rediyo a 2.4GHz, risiba, ƴar na'urar karɓar saƙo da ke jikin jirgin, ce ke kamawa ta miƙa wa ɗan allon da ke tsakiya, wanda shi ne ƙwaƙwalwar. A kansa akwai firosesa STM32, wato mai yin lissafin, da wani ɗan mitsitsin abu, jairo, mai jin duk wata karkata. Manhajar Betaflight da ke cikin allon ce ke gwada abin da na nema da abin da jirgin ke yi a zahiri, sai ta gyara bambancin, kuma tana iya yin haka har sau 8,000 a daƙiƙa ɗaya. To wane ɗan adam ne zai iya wannan? Gsky ni roƙo kawai nake yi da rimot, allon ne matuƙin.

Daga nan umarni ya wuce wajen ESC, masu sarrafa gudun moto, guda huɗu, kowane moto da nasa. Moton ba shi da burushi, waya uku gare shi, ESC ke bi da bi tana ba su wuta har ya juya, in ka sauya biyu daga cikin ukun sai ya koma juyawa baya. Farfela biyu na juyawa dama biyu hagu, masu kallon juna ta kusurwa hanyarsu ɗaya, in ba haka ba jirgin zai ta wulwulawa kamar katantanwar yara.

Batirin LiPo ne mai gida huɗu, 14.8V, in ya cika taf 16.8V. Allon kuwa 5V yake so, don haka akwai abin da ke rage masa wutar.

Abin da ya fi cin lokacina yau kafasita ce, ƴar abar da ake liƙawa inda wayar batir ta shiga. Mutane sai su zuba kuɗi a moto su raina ta, alhali motocin na mayar da hayaniyar wuta baya, ita ke shanyewa kafin ta rikita jairo ko ta ɓata hoton kyamara. Haka ma robobin da allon ke zaune a kai don rage girgiza.

Da la'asar na jona shi da kwamfuta, farfela a cire tukuna domin tana yanka yatsa ba wasa. Na karkata shi da hannu, hotonsa a fuskar kwamfutar ya karkata tare. Na kashe rimot da gangan, motocin suka tsaya cak, yadda ya kamata. Iska ta yi yawa yau, tashi sai gobe in Allah ya kai mu.