Kafin in bar sashen masu ciwon ƙoda

Ƙarshen watan nan zan bar aikin, don haka bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Duk wanda ya yi aiki da mu a Maraɗi ya san takardar nan ta majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashenmu, da ake miƙa wa kowane majinyaci: ban da zogale, ban da yakuwa, ban da tumatir, mangwaro da ayaba. Wanda ƙodarsa ta fara gajiya da wanda ke jiran wankin ƙoda, duk takarda ɗaya. To me ya rage a kwano? Tuwon gero, shinkafa, sai nama in da hali. Su ne kuwa ke bar wa jini asid, musamman nama da ƙwai, ƙoda ce kuma ke wahalar fitar da shi ta fitsari. Ganye da ƴaƴan itace ke rage wannan nauyi, har lemun tsami duk da tsaminsa. Tun 1995 masu bincike Remer da Manz suka fitar da lissafinsa abinci bayan abinci. In bikarbonat, sinadarin da ke kashe kaifin asid a jini, ya sauka ƙasa da 22 a gwaji, tsoka ta zube, ƙashi ya yi rauni, ƙodar ta ƙara saurin lalacewa.

Tsoron majo na potasiyom ne, sinadarin da ke da yawa a ganye da ƴaƴan itace, kuma ba na banza ba, don in ya taru yana iya tsayar da zuciya. Amma ai aunawa ake yi. Wata tsohuwa daga Jiratawa, inda zogale ke bakin ƙofa, ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗiyata, in ban ci ganye ba, in ci me?" Na duba analiz ɗinta, potasiyom daidai, bikarbonat ƙasa. Da safe na ce, "Majo, ko a bar mata ɗan dafaffen zogale, a tsiyaye ruwan?" Gaban majinyata ya ce, "Yarinya, yaushe kika zama likita?" Satin bai ƙare ba na tsinci sunana a aikin dare.

Sauran darussan, abokan aiki, gajeru ne. Ku tambayi kowa ko yana shan kanwa. Da sun ji zancen asid sai su jiƙa ta, gishirinta ya tayar da tansiyo. Ku tambayi maganin ciwon jiki na masu tebur, irin su diklofenak, don suna cutar da ƙoda. In kuma kuna da gyara, ku kai wa likita a rubuce, da kwanan wata. Ni da baki na faɗa, shi ya sa da aka fara duba potasiyom kafin a hana mutum ganye, sunan majo aka ambata a taro.