Abin da aikin tsohuwar bola ya koya min

Ƙarshen watan nan zan bar sashen, kuma ƙannena da aka ɗauka bana sun ce in bar musu wani abu a rubuce.

Bolar da aka rufe ba ta mutu ba. Sharar da ke ƙasa tana ci gaba da ruɓewa shekara da shekaru, tana fitar da iskar mitan (wani gas ne mai kamawa da wuta), ƙasa na lotsawa, baƙin ruwa na tsatsowa ta gefe. Shi ya sa ake daɓe ta da yumɓu, a kafa bututun fitar da iska, a zuba ƙasar noma, a fara da ciyawa irin su kirikiri da gamba. Itace sai daga baya.

Duk wannan na rubuta wa oga lokacin da ake shirin yin shuka a tsohuwar bolar da muke aiki a kai. Ya karanta, ya ce, "Injiniya, manyan baƙi ba ciyawa za su zo gani ba." Darbejiya da turare yake so, layi-layi, kafin ranar biki. Aka haƙa ramuka har aka fasa daɓen, a wurin da ko bututu ɗaya ba a kafa ba. Aka yi hotuna, aka watse. Kafin kaka ganye ya koma rawaya, don mitan ya kore iskar da saiwa ke buƙata. Na tono guda da hannuna: saiwar baƙa ƙirin, ƙasar da ɗumi, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan damina kuma ya bi ramukan ya gangara cikin shara. A rahoto sai aka ce mu ne ba mu yi ban ruwa ba. Takardata tana fayil da kwanan watanta, mai so ya duba.

Ƙasashe masu kuɗi ma ba sa wannan gaggawar. Bolar Fresh Kills ta New York tun 2001 aka rufe ta, har yau sashe-sashe ake buɗe lambun shaƙatawar da ake mayar da ita. Nanjido ta Seoul an rufe ta a 1993, sai 2002 ta zama wurin shaƙatawa.

Sauran kaɗan ne. Ku riƙa tambayar 'yan jari bola, sun fi taswirarmu sanin inda wuta ke ci ta ƙasa. Kada ku bari a noma alayyahu a can, akwai dalmar tsofaffin batura. Duk shawarar da kuka ba na sama, ku ajiye kwafi.

Gefen yamma da aka ƙyale ni na shuka gamba bai zaizaye ba har yanzu. Ku gyara shingensa kafin rani, in ba haka ba shanu za su cinye.