Yadda Cakuɗa Waƙoƙi Ya Kore Mana Masu Sauraro a Kaduna

Lokacin da aka ɗora mini alhakin tsara waƙoƙin wata tashar rediyo mai zaman kanta a Kaduna, masu gidan sun riga sun yanke shawarar cewa a cakuɗa komai a cikin kowace sa'a: waƙar fim ta Hausa, sai kiɗan matasan Legas, sai na gargajiya, sai na Turawa, wai domin kowa ya samu rabonsa. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin kogi ya raba garin nan gida biyu, kuma abin da mai shago a Rigasa ko Tudun Wada yake son ji ya sha bamban da na matashin Barnawa ko Sabon Tasha.

Sai dai mai sauraro ba ya zaman jiran rabonsa. Direban da ya taso daga Kawo yana jin kalangu, da zarar kiɗan ya juya zuwa wanda bai saba da shi ba, sai ya murɗa wata tasha, kuma da wuya ya dawo. Zamanin da Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, yake kusan shi kaɗai a kunnen mutanen Arewa ya wuce tun da dokar 1992 ta kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Kiran wayar da masu sauraro ke yi mana ya ragu, sannan masu ba mu talla na cikin gari, wato masu atamfa a Kasuwar Sheikh Gumi da masu makarantu, suka fara janyewa, domin abokan cinikinsu sun daina cewa sun ji su a tasharmu. Har yau abin yana yi mini ciwo, saboda wasunsu ba su sake dawowa ba.

Da ƙyar na shawo kan masu gidan muka raba waƙoƙin bisa lokaci. Da sassafe muka saka masu sanyi, da hantsi waƙoƙin fim domin matan da ke aikin gida, da yamma na matasa, safiyar Lahadi kuma waƙoƙin coci. A watan azumi muna rage kiɗa sosai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sa'ar dare da muka ware wa makaɗan gargajiya irin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo. Masu gidan sun ɗauka ta tsofaffi ce kawai, amma matasa ne suka fi yawan kira suna neman a maimaita musu waƙa, kuma a wannan sa'a ce masu talla suka fara dawowa. Da mun ci gaba da tsoma waɗannan waƙoƙi ɗaya-ɗaya tsakanin na zamani, da babu wanda zai san lokacin da zai kunna rediyonsa ya same su.