Muhawarar fada kan zanen Milan

Yau da yamma shayi ya huce a fada saboda wani littafin ƙagaggen labari na Faransanci da ƙanena ya sayo a kasuwar Maradi, irin mai cewa coci ta ɓoye asiri cikin tsofaffin zane-zane. Shi ya rantse duk gaskiya ne. Wani ya ce ƙaryar Turawa ce, a jefar. Sai abokinmu Kirista, malamin makaranta, ya ciro waya ya buɗe hoton zanen Leonardo da Vinci na jibin ƙarshe, wato cin abinci na ƙarshe da Annabi Isa ya yi da almajiransa sha biyu, wanda ya yi a bangon ɗakin cin abincin wani gidan ibada a Milan, Italiya, tsakanin 1495 da 1498. Ya buɗa yatsu biyu ya girmama fuskar nan marar gemu da littafin ya ce mace ce, Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin matan da suka bi Annabi Isa. "Ƙanena, ƙirga min almajiran." Sha biyu cif. "To in wannan mace ce, ina Yohanna, ɗaya daga cikin sha biyun, ya tafi?" Ya ce masu zanen zamanin haka suka saba zana Yohanna, saurayi mai dogon gashi.

Ko muryarsa bai ɗaga ba, alhali addininsa ake taɓawa. Ƙanena dai ya ce labarin ya yi masa daɗi, sai ya kai ƙarshe. Ni kuwa tambayar da ta tsaya min ita ce: da a kan addininmu aka rubuta irin wannan littafi, anya da mun iya zama mu ƙirga mutanen cikin hoto?